Hantsi Goma Sha Tara

Bilkisu, kin san ni ba mai dogon zance ba ce. In na aike ki sayen gishiri ba na haɗa miki da tarihin gishiri. Amma wannan shekarar guda ɗaya dole in zauna in rubuta miki ita, kuma da Hausa, ko da za ki karanta kina tuntuɓe saboda Sango ta fi zama a bakinki. Abin da ya faru tsakanina da kakanki da Hausa ya faru.

Shekarar da sojoji suka yi ta bore a Bangi ce, yau a buɗe hanya, gobe a tare ta da tayoyi. Ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare, ina zaune a gidanmu na unguwar Kilomita Biyar, bayan layin masu atamfa. Mu uku ne a gidan: ni, da Baba, da yayarsa Gwaggo Tabawa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Sunan uwarsu aka sa mini, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Gwaggo kuwa ba ta da wannan kunyar. Hio-Hio take kirana, wato maza-maza da Sango, saboda na taɓa sauke tuwo bai nuna ba, na ce ai zai ƙarasa a ciki.

Baba marubucin Alƙur'ani ne, da ka yake rubutawa, kamar yadda mahaifinsa ya yi a Damagaram kafin fatauci ya kawo su nan. Shida ya rubuta, yana kan na bakwai. Ga yadda aikin yake, don ki gane abin da ya biyo baya. Da farko sai ya rubuta izu sittin ɗin nan duka da baƙar tawada, haruffa tsirara, babu wasali ko ɗaya. In ya kai ƙarshe sai ya koma farko da jar tawada, wadda yake haɗawa da koya, wato jar ƙasa, da ƙaro, ya bi harafi harafi yana ɗora wasali. Baƙin na bakwai ya gama shi tun bara. Jan ne ya rage masa izu shida. Sai dai idonsa ya fara tafiya. Likita ya gaya masa ciwon ba ya komawa baya, kuma maganin ɗigawar da ke rage masa gudu ya yanke a gari. Abin da ya rage wa Baba shi ne hantsi: daga lokacin da rana ta leƙo kan katangarmu zuwa lokacin da ta yi zafi, yana iya ganin harafi. Bayan nan sai hazo. Kowa a gidan ya san hantsin nan ƙidayayyu ne, ko da ba wanda ya san adadinsu.

Ni kuma a lokacin kaina yana wani wuri. Ina zuwa wata 'yar cibiyar koyon kwamfuta a kan hanyar Miskin, ɗaki ɗaya, kwamfuta takwas, ɗalibai ashirin da biyu. Malaminmu Misye Firmin ne, wani dogon Kirista mai sanyin magana, wanda in ka yi kuskure sai ya cire tabarau ya goge maimakon ya yi faɗa. Ba buga wasiƙa kawai yake koya mana ba. Kod yake koya mana, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta layi bayan layi don ta yi aiki. A fuskar kwamfutar abin gwanin kyau ne: kalmomin da na'urar ta mallaka, waɗanda ba a taɓa su, suna fitowa da launi ɗaya, abin da kai ka saka da kanka da wani launi, bayanin da ka rubuta don tunatar da kanka da wani. Ido yana faɗawa kai ya san ina ne ina.

Wata safiya muka zo muka tarar an ɓalle ƙofa. Kwamfuta bakwai sun tafi, har da wayoyinsu. Ɗaya ta tsira, ita da na'urar buga takarda, don suna gidan Misye Firmin yana gyara. Ya tara mu a ƙarƙashin mangwaro ya ce ya riga ya tura iyalinsa ƙauye, shi ma in motar da yake jira ta samu hanya, nan da wata guda zai bi su. Amma ba ya son karatun ya mutu. Zai zuba duk darussan a littafi, kowa ya samu kwafi, ya yi nazari a gida a kan takarda, sannan a riƙa zuwa bi da bi ana gwadawa a kwamfutar da ta rage, wadda za a ajiye a bayan shagon mahaifin wani ɗan ajinmu a unguwar Kokoro, inda akwai janareto. Ni na fi kowa saurin hannu, don haka ni zan buga littafin. In kuma littafin ya yi, ni zan riƙe ajin bayansa. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa, ni kuma in koma auna yadi a rumfar Gwaggo.

Kwana huɗu na buga shi. Takarda ta yi wuya a gari, sai na yi dabara irin tawa: duk inda na ga fili na cike shi. Layukan kod da Misye Firmin ya jera ɗaya ƙarƙashin ɗaya, wasu an matsar da su ciki, wasu an ƙara matsarwa, na ga ɓarnar takarda ce, na haɗe su suka bi juna kamar labari, na manna su a jikin bayaninsa. Shafi casa'in ya dawo hamsin. Na kai masa ina jiran yabo. Sai ya kira wata 'yar ajinmu ya ba ta darasi na uku ya ce ta buga abin da ta gani. Baiwar Allah ta buga kod ɗin, ta zarce ta buga har da jimlar da ke cewa yanzu sai ka duba sakamako. Kwamfuta ta ƙi. Misye Firmin ya cire tabarau ya goge.

"Madmazel Uwani," ya ce da Sango, "kin ba mutum gozo, tuwon rogon nan, da kifi da ƙayar kifin duk a dunƙule ɗaya, kin ce ya haɗiye."

"Takarda na tattala."

"Filin da kika cinye ɗin nan shi ma rubutu ne. Shi ke nuna wane layi ke cikin wane."

Na sake bugawa, raina a ɓace: kowane layi a wurinsa, da haruffa masu faɗi ɗaya don su tsaya a kan juna daidai, da lamba a gefen kowane layi. Ya fi, amma da aka yi fotokofi komai baƙi ne wuluk, babu launin da zai raba kalmar na'ura da ta mutum. Misye Firmin ya ce a yi haƙuri da hakan. Ni ban iya haƙuri ba. Na kwaso kwafi ashirin da biyun a kai na kawo gida, na zauna a tsakar gida da jan biro ina zagaye duk abin da na ga yana da muhimmanci. Baba yana kan buzunsa a gefe, hantsi ya yi, yana ɗora wasali. Ƙarar birona ce ta dame shi.

"Uwata, kaza ce ke tono a wurin nan?"

"Aiki nake yi, Baba."

"Kawo in ga aikin."

Ya kai takardar dab da hancinsa. Baba bai san harafin boko ko ɗaya ba, ko sunansa da ajami yake sa hannu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce:

"An yanka wani abu a kan takardar nan ne?"

Gwaggo ta tuntsire da dariya daga bakin murhu. Na fizge takardar, ya riƙe.

"Tsaya. In kin ja komai, ai ba ki ja komai ba. Gaya mini, wanne ne matani a nan, wanne ne sharhi?"

Na buɗe baki zan ce masa wannan ba irin littattafansa ba ne, sai na ga ai tambayar daidai take. Na nuna masa: wannan shi ne abin da za a ba na'ura, ba a ƙara ko ɗigo, wannan kuma maganar malam ce. Ya ce to matani ɗaki ake yi masa, a kewaye shi, sharhi ya tsaya a waje ya yi sallama. Ya tambayi kalmomin da ba a taɓawa, na ƙirga masa su, ba su kai talatin ba. Na nuna masa biyu da suka fi yawa, ɗaya tana buɗe rukunin umarni, ɗaya tana rufe shi. Ya ce, ashe ƙofa ce. Ya jawo kwafi mai tsabta, ya ɗauki alƙalaminsa na gamba wanda jan wasali bai bushe a bakinsa ba, ya ja wa kod ɗin gida mai kusurwa huɗu. Ya sa siririn jan layi ƙarƙashin kalmomin na'ura kaɗai. Abin da ɗalibi zai iya canzawa ya ɗiga masa ruwan ɗorawa. Sannan ya yi abin da ko kwamfutar ba ta yi mana: daga kowace mai buɗe ƙofa ya sauko da jan zare ta gefe har zuwa mai rufe ta, ƙaramar ƙofa a cikin babba, zare a cikin zare. Na kalli shafin, na ga darasin da na sha wuya sati guda kafin in gane shi yana kwance a fili kamar zanen gida.

Na ce zan kwaikwaya. Na gwada shafi biyu, tawada ta malale, layina ya karkace kamar hanyar maye. Baba ya ce in bari. Ni in yi wa kwafi ɗaya alama da fensir, shi zai bi siffar kalmomin ya yi sauran. Ya rufe Alƙur'aninsa, ya mayar cikin gafaka, ya rataye.

Gwaggo ba ta bari an kai azahar ba.

"Malam, da hankalinka? Izu shida ya rage maka. Ɗan ganin da Allah ya bar maka za ka ƙarar a kan rubutun injin nasara?"

"Yaya, Littafin Allah ba ni ke tsaronsa ba, yana da Mai tsaronsa. In ban gama ba akwai dubu a ƙirjin mutane. Wannan kuwa in ba a gama ba, yarinyar nan rumfarki za ta dawo, ta riƙa yanka wa mutane yadi biyar da rabi a maimakon shida saboda sauri."

"Ka ji shi! To ke Hio-Hio, ba ki da baki? Ki ce masa ya bari mana."

Bilkisu, a nan ne nake so ki buɗe kunne, don in an ba ki labarin nan a dangi za a gyara mini shi, ko a ɓata, ni kuwa ba na son ko ɗaya. Ina da baki. Na san abin da likita ya ce. Na san hantsi nawa shafi casa'in sau ashirin da biyu zai ci, don na iya lissafi fiye da kowa a gidan. Na ce, "Baba, ka bari," sau ɗaya, a hankali, irin faɗar da ake yi don a ce an faɗa. Da ya ce in miƙo masa kwalbar ja, na miƙa. Ina son ajin nan. Ban taɓa son wani abu kamarsa ba.

Haka muka yi hantsi goma sha tara. Da rana ta taɓa katanga sai in shimfiɗa buzu, in jera takardu, in danne su da duwatsu. Shafukan da babu kod a ciki na ware su, ni kuma na karɓi ɗigon ruwan ɗorawa da shanya shafuka, shi yana jan gida da zare. Wata rana ana jin harbi daga wajen barikin soja, mata suna kiran 'ya'yansu daga titi, Baba ko ɗaga kai ba ya yi. Ya raɗa wa kalmomin suna don ya riƙe su: Mai Ƙugiya, Doguwa, Tagwaye. In na yi gaggawar janye shafi kafin ya bushe sai ya bugi bayan hannuna da gindin alƙalami ya ce, "Yeke yeke," sannu sannu, ita ce kusan duk Sangon da yake yarda ya yi a cikin gida. Gwaggo ta yi kwana uku ba ta yi mana magana ba, a na huɗu ta kawo kunu ta dire, ta ce in an ga dama a sha, in ba a ga dama ba a zuba wa injin.

A hantsi na goma sha ɗaya ya tsaya a tsakiyar wani shafi, alƙalami a sama.

"Uwata, zaren nan ba shi da masauki."

"Ka duba ƙasa, Baba, tana nan."

"Na duba. An buɗe uku, an rufe biyu. Wa ya bar ƙofa a buɗe a garin da ake sata?"

Na karɓa na ƙirga da yatsa. Gaskiyarsa. Na ɗauka ni na tsallake layi, na ruga Miskin da takardar, na ratsa shingen tayoyi biyu, na duba rubutun hannun Misye Firmin. A nasa ma babu. Shekara uku yana koyar da darasin nan daga ka, bai taɓa lura cewa a takardarsa ya manta layin ba. Ya cire tabarau, bai goge ba, ya ce wane ne ya gano. Na ce mahaifina. Ya ce a ina ya yi karatun kwamfuta. Na ce bai san ko harafin farko na boko ba.

Ranar da muka gama, da kansa ya zo karɓar littattafan. Ya cire takalmi tun daga zaure ba wanda ya ce masa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya buɗe littafi ɗaya yana juya shafuka. Ya ce in gaya wa Baba bai taɓa ganin an nuna kod a takarda haka ba, ko a littattafan da ake kawowa daga waje. Na fassara. Baba ya ce in gaya masa hannunsa na da kyau amma ya riƙa rufe ƙofa. Kwana biyu bayan haka motarsa ta tashi. Ajin ya zauna a Kokoro, ni ce a gaba, kuma cikin ashirin da biyun nan ba wanda ya sake buga maganar malam a cikin na'ura.

Washegarin tafiyar Misye Firmin Baba ya sauko da gafaka. Ina shara, ina kallonsa ta gefen ido. Ya buɗe inda ya tsaya, ya tsoma alƙalami, ya kai fuska kusa, ya ja baya, ya juya takardar wajen rana. Ya ɗora wasali ɗaya. Na matso na duba, na ga ya sauka a fili, tsakanin layi biyu, ba a kan kowane harafi ba. Jan layi dogo a ƙarƙashin kalma yana iya ja ko da ido rabi, amma wasali wurinsa bai fi ƙwayar gero ba. Ya gwada kwana uku. A na uku ya wanke alƙalamin, ya mayar da takardun, ya ce wa Gwaggo ta rataye masa. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa littafina ne ya ƙarasa idon, likita ma bai ce ba. Amma hantsi goma sha tara sun isa izu shida, wannan na sani. Gwaggo ba ta ce mini komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na riƙa fita tun sassafe, ina dawowa bayan la'asar, don kada in ga buzun nan a shimfiɗe babu takarda a kai.

Baba ya bar ni na yi wata guda ina wannan gudun. Wata Juma'a da babu aji, ina ɗaura ɗankwali zan fice, ya kira ni.

"Uwata, yi alwala ki zo."

"Baba, ina da wurin zuwa."

"Ba ki da shi. Kin sauke Alƙur'ani a hannuna, kin san fataha da kisira. Ni ina da karatun, ke kina da ido. Zauna."

Na ce hannuna ba ya tsayawa, shi ma shaida ne. Ya ce ai ba a haifi kowa da tsayayyen hannu ba. Ya sa na yi sati shida ina ɗora wasali a kan tarkacen takarda kafin ya bar ni na taɓa na gaske. Yana karantawa da ka, kalma kalma, ina bi da ja. Ba ya ganin abin da nake yi, amma yana jin alƙalami. In na fara gudu sai ya yi shiru, ba zai ci gaba ba sai na ajiye, na numfasa. Izu shidan da zai gama cikin kwana goma sha tara sai da suka ci mana damina biyu, ranakun Juma'a da Lahadi. Na yi kuka a kai, na yi fushi, sau ɗaya har na ce masa a kai wa wani malami a Kokoro ya ƙarasa. Ya ce to, in kawo gafakar ya ba ni in kai. Ban kawo ba.

Ranar da na ɗora wasalin ƙarshe, ya ce in ɗora masa takardun a cinya. Koya in ta bushe tana da ɗan kaushi, yatsa yana jin ta. Ya riƙa juya shafuka daga baya yana shafawa a hankali, yana neman inda aikinsa ya ƙare. Gwaggo ta bar tankaɗe ta zo ta tsaya a kanmu. Can ya tsaya, ya danna yatsa a kan wani shafi.

"Nan ne. Nan hannuna ya tsaya, naki ya fara."

Na leƙa na duba.

"A'a, Baba. Wannan nawa ne. Ba ka kai naka ba tukuna, sai ka ƙara komawa baya shafi goma sha ɗaya."

Ya sake shafa wurin. Sannan ya juya fuska wajen da yake jin numfashin Gwaggo.

"Yaya," ya ce, "sai ki nemo mata wani sunan."